Allon Da Ba Shi Da Malami

Jama'a, akwai wata al'ada da ta shigo gidaje a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ba tare da sallama ba. Yaro ɗan shekara biyu ko uku ya fara kuka, uwa tana tsakiyar tuƙa tuwo, ko uba ya komo daga gonar rake a gajiye, sai a kunna waya a miƙa masa. Nan da nan ya yi tsit, manya su sami sararin aikinsu, har a riƙa yabo, wai yaron nan akwai wayo, tun bai iya magana ba ya san inda a ke latsawa. To, wannan shiru nasa shi ne abin dubawa, gama yaron da ya yi shiru da waya a hannu karatu ya ke ɗauka, kuma ba wanda ya san malaminsa.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san yadda kan ƙaramin yaro ya ke. A kan kawo kolo yana ɗan shekara huɗu ko biyar, bai san babbaƙu ba balle farfaru, amma in an biya masa abu sau goma sai a ji shi yana maimaitawa a hanyar gida. Abin da ya shiga kunnensa a wannan lokaci ya zauna ke nan. Saboda haka ne magabata su ka kafa ƙa'ida: malam ne ke rubuta allo, ba a wankewa sai da izininsa, ba a yin ƙari sai ya ji yaro ya biya na jiya. Ita ma waya allo ce, sai dai ita ke yi wa kanta ƙari. Majigi ɗaya na ƙarewa wani ya taso, domin an gina ta ne ta lura da abin da ya riƙe idon mai kallo ta kawo masa irinsa. Masu ita kuwa da kuɗin talla su ke ci, watau iyakar daɗewar yaro a gabanta iyakar ribarsu.

Kada a ce wannan zargi ne na mutanen da. A 2017 iyaye a Amurka da Ingila su ka tarar waɗansu miyagu suna ɗaukar zanen wasan yara da a ka saba da shi, su cusa masa duka da batsa da abin firgita, su zuba a YouTube, har waɗansu su ka tsallaka cikin sashen da a ka keɓe wa yara. Kamfanin da kansa ya ce ya cire majigi fiye da 150,000. A 2019 hukuma a Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara ba da yardar iyayensu ba. In haka ta faru inda masu tsaron su ke jin harshen, ina ga abin da a ke zubawa da Hausa? A shekarar nan ta 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaron da bai cika shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban irin wannan allo ko kaɗan, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a yini. Facebook da TikTok da kansu sun ce ba su karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, Ostiraliya kuma ta yi doka a 2024 ta mai da nata 16.

Amma haɗarin da ya fi kusa da ɗan Hunkuyi ko ɗan Tashar Yari yana cikin wayar ubansa. WhatsApp ya kan sauke hotunan da a ka turo ya ajiye tare da hotunan gida, in ba a hana shi ba. Gawar wanda 'yan bindiga su ka kashe, da hatsarin mota, da abin da baki ba ya iya faɗi, duk suna nan kusa da hoton ranar suna, yatsan yaro kuwa ba ya bambancewa. Ga kuma masu tura fina-finai a shagon caji, waɗanda ke cika waya da abin da mai ita ma bai duba ba. Babba ya gani ya yi salati ya wuce. Ɗan shekara uku ba shi da kalmar da zai faɗi abin da ya gani, sai dai a ga yana firgita cikin barci, a kama neman maganin iska.

Wani zai ce, to uwa ta yi yaya? Aiki ya yi mata yawa, musamman lokacin tsinkar tumatir da saran rake, kuma a cikin wayar nan akwai karatun Alƙur'ani da darussa masu fa'ida. Wannan magana gaskiya ce, ba kuma za a ɗora wa mata laifin su kaɗai ba, tun da yawanci maigida ne ya sayi wayar, shi ke sa mata kati. Ai wuƙa ma tana da amfani a gida, ba a kuwa taɓa miƙa wa mai rarrafe ita don ya yi shiru ba. Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya ne daga 2001, saboda haka kakanni ba su bar wa kowa dabarar renon yaro da ita ba. Wajibi ne iyayen yau su kafa tasu ƙa'ida.

Ƙa'idar kuwa ita ce ta allo. Babba ya zaɓi abin da yaro zai gani, ya kalle shi tukuna har ƙarshe, ya sauke shi, sa'an nan ya kashe data kafin ya miƙa. A hana WhatsApp sauke hotuna da kansa, a kashe abin nan da ke jawo majigi na gaba, a sa wa waya makulli. Yaro ya yi kallonsa a tsakar gida kusa da babba, kada ya shige ɗaki da ita, kada kuma ya kwana da ita. 'Yar reno mai shekara goma ita ma yarinya ce, ba ta isa tsaron wannan ƙofa ba. Kana iyaye su daina watsa hotunan 'ya'yansu da rigar makaranta da sunan unguwa, gama a zamanin satar mutane wannan kwatance ne a ka yi wa wanda ba a sani ba.

Ba mai hankalin da zai kai ɗansa ɗan shekara uku tsakiyar kasuwar Maƙarfi ya sake hannunsa ya ce ya je ya yi wasa. Wanda ya miƙa masa waya a buɗe ya kai shi kasuwar da ta fi wannan girma da yawan baƙi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma 'ya'ya amana ne da za a tambayi mai riƙonsu. Allah ya shirya zuriya, ya ba iyaye ikon tsare amana, amin.