Wasiƙa zuwa ga masu kiwon turka, kan dandaƙar manyan shanu da ɗura musu dusa

'Yan'uwa da 'ya'yana masu kiwon turka, ba zan tauye muku haƙƙinku ba. Ku ne kuke ɗauko ramammen sa daga karar Potiskum ko Maigatari ko Illela a ƙarshen rani, ku mai da shi abin kallo cikin wata uku ko huɗu, kuma da guminku ake loda manyan motocin da ke nufar Legas. Allah ya saka da alheri. Amma ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wata ɗabi'a ce nake so mu tattauna, wadda wasunku suka runguma hannu bibiyu: a sayo sa wanda ya riga ya kawo ƙarfi, mai shekara uku ko huɗu, a dandaƙe shi a makon da aka ɗaure shi a turke, sannan a bi shi da dusa ba ƙaƙƙautawa, wai don ya yi saurin cika. Wannan asara ce da mutum yake saya da kuɗinsa, kuma ina so in nuna muku ta inda kuɗin ke zurarewa.

Mu fara da abin da fiɗiya take yi a jikin dabba. 'Ya'yan maraina su ne ke samar da sinadarin da ke gina tsoka, shi ya sa kuke ganin wuyan bijimi da kafaɗarsa da cinyarsa sun fi na furtumi kauri. Idan aka kashe su, wannan gini ya ragu, jiki ya karkata ga ajiye kitse. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama, kan jinsin shanu iri-iri, kusan duk bakinsu ɗaya: idan abinci ɗaya aka ba su, san da ba a taɓa ba ya fi fiɗiyayye saurin ƙara nauyi da abin da ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma da ƙarancin abinci yake samar da kowane kilo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗunta ruwa ne, shi kuwa kitse ruwan cikinsa kaɗan ne, don haka tara kilo guda na kitse yana cin abinci fiye da tara kilo guda na jan nama nesa ba kusa ba. Wanda ya zaɓi kitse ya zaɓi hanya mai tsada, a lokacin da buhun dusar alkama da na masara suke neman gagarar mai ƙaramin jari.

Wannan kuwa lissafin dabbar da aka fiɗiye tun tana ƙarama ke nan. Wadda aka dandaƙe da girmanta, asararta biyu ce. Ku da kanku kun san yadda yake kasancewa: wurin ya kumbura, sa ya tsaya ya ware ƙafafun baya, ya sunkuyar da kai, a zuba masa abinci ya shinshina ya kau da kai, ƙuda na binsa. Mako biyu, wani lokaci uku, ba ya ƙaruwa, sau da yawa ma zubewa yake yi. A turkar kwana 90, wane mai hankali ne zai yarda ya zubar da kwana 20 haka kawai? Kuma waɗannan makonnin farko su ne mafi albarka, domin san da ya sha yunwar rani jikinsa a shirye yake ya rama abin da ya rasa, duk abin da ya ci karɓa yake yi. Wannan damar ce ake ɓatawa wurin jinyar raunin da mai dabbar ya yi mata da hannunsa. Ban ma taɓo zancen azabar ba, wadda ita kaɗai ta isa ta sa mai tsoron Allah ya dakata.

Na san amsar da za ku ba ni. Za ku ce furtumi ya fi natsuwa, ba ya tsinke igiya, ba ya kai wa yara da mata tunkuyi, kuma galibin turkar nan a cikin gida ake yinta. Gaskiya ne, ban musa ba. Za ku ƙara da cewa namansa ya fi laushi, wannan ma akwai gaskiya a ciki. Sai dai duk waɗannan fa'idodi na wanda aka fiɗiye tun yana maraƙi ne, cikin watanninsa na farko, lokacin da likitan dabbobi zai matse jijiyar da na'urar Burdizzo ba tare da ya yanka fata ba, maraƙin ya miƙe ya koma nono. San da ya shekara huɗu da halinsa ba ya sauya hali cikin dare ɗaya don an dandaƙe shi. Mai son natsattsiyar dabba ya sayi wadda aka riga aka fiɗiye ta warke, ko san noma da ya gama aikinsa. In kuwa bijimi ya saya, ya kafa masa turke mai ƙarfi, ya nesanta shi da 'yan'uwansa maza da kuma shanu mata, shi ke nan.

Wasu masu ɗan karatu kuma sukan ce ai a Amurka, inda aka fi kowa ƙwarewa a wannan sana'a, fiɗiye shanu ake yi. Haka ne. Amma suna yi ne tun dabbar tana ƙarama, kasuwarsu kuma tana ƙara kuɗi kan naman da kitse ya ratsa cikinsa, sannan yawancinsu sukan dasa wa dabbar wani sinadari a kunne don ya mayar da saurin girman da fiɗiya ta rage. Wato su kansu sun yarda akwai asarar. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan sinadari tun shekarun 1980, kuma a Italiya da Jamus da Sifen bijimai ake turkewa yadda Allah ya halicce su. Mu fa, wa ke biyanmu kuɗin kitse? Mai kilishi jan naman cinya yake nema, duk wani fari yanke shi yake yi ya ajiye gefe. Mai tsire ɗan kaɗan yake buƙata. Uwargida a gaban teburin mahauci faɗa take yi in an cika mata awo da kitse. Bunaji da Rahaji da Bokolo kuwa ba su cika saka kitse cikin tsoka ba, a tozo da ƙarƙashin fata da kewayen ƙoda da hanji suke tara shi, wanda ƙarshensa kakiɗe ne a farashin da bai kai na nama ba.

Sai kuma ɗurar dusa, wadda ita ce ake son rufe ɓarnar farko da ita. Tumbin saniya an yi shi ne don ciyawa. Dabbar da ta taso tana kiwo a daji, aka wayi gari aka cika mata baho da dusar masara ko tsaba, cikinta tsami yake yi. Za ku ga ta daina tuƙa, kashinta ya zama ruwa-ruwa mai kumfa da warin tsami, yau ta ci gobe ta ƙi, daga baya kofato ya ɗau zafi ta soma ɗingishi. Ranar yanka kuma a tarar da ƙuraje a hanta, a zubar. Magabatanmu a wannan sana'a ba su shiga aji ba, amma ba sa yin haka. Harawar gyaɗa ko ta wake suke fara ba dabba, da yankakken karan dawa, dusa kuwa da ɗan kwano ake somawa ana ƙarawa a hankali har mako biyu zuwa uku, ga ƙowa, ga angurya ko tunkuza daidai gwargwado, ga kanwa a ruwan sha. Abin da masana na cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ire-irensu suke koyarwa bai yi nisa da wannan ba: tuƙa ce ke kawo yawun da ke kashe tsamin ciki, kanwa ma aikin da take yi ke nan, tsoka kuma ba ta ginuwa sai da abinci mai gina jiki irin su tunkuza da harawa. Magabatan nan namu da tafin hannu suke auna dabba, su taɓa haƙarƙari, su damƙi gindin wutsiya, su faɗi abin da za ta bayar, mahauci ya feɗe ya tarar haka ne. Yau an wayi gari yaro ya tara kuɗi ya sayi shanu biyar, ya raina wa tsohon da ke maƙwabtaka da shi, ya tafi kemis neman ƙwayar sa ƙiba. Wannan ba kiwo ba ne, ha'inci ne, haka ma wanda yake cusa wa dabba gishiri daren kasuwa don ta cika ciki da ruwa. Ku yi mini afuwa in harshe ya yi kaifi, na san da yawanku ba ruwanku da wannan.

Saura hujja guda, ta masu cewa kasuwar Babbar Sallah ido ake sayar wa, ba sikeli ba. To ko a nan ɗin, mai sayen ya fi sha'awar bijimi mai wuya da tozo. Layya da fiɗiyayye ta halatta, babu jayayya, amma a littafin Risala an fifita ragon da ba a fiɗiye ba a kan wanda aka fiɗiye, Muhtasar kuma bai ba fiɗiyayye gaba ba sai in ya fi ƙiba. Sallah kuma sau ɗaya take zuwa a shekara. Sauran watannin mahauci ne abokin cinikinku, shi kuwa ya san cewa abin da ke rataye bayan an cire kai da ƙafa da fata da kayan ciki bai cika wuce rabin nauyin dabbar da kaɗan ba. In ya taɓa sayen sanku ya tarar da ruwa da kitse, gobe da ragi zai taya.

Roƙona gare ku shi ne, a turkar da ke tafe ku ware shanu biyu masu kai ɗaya, ku bar su yadda kuka sayo su, ku ba su maganin tsutsar ciki, ku soma da harawa, ku rubuta kowane buhu da suka ci. Ranar da aka sayar, ku bi su har mayanka ku tsaya a feɗe a gabanku.