Zinariyar Jado da Hayaƙin da Ido Ba Ya Gani

Tun 2014 da aka gano zinariya a duwatsun Jado, samarin Magariya da Dungas suke barin lakwal da gona suna nufar arewa. In yaro ya dawo da babur da sabuwar waya, gari ya yi ta sa albarka. Ba mai tambayar abin da ya shaƙa kafin kuɗin su zo hannunsa. Wannan shirun namu, iyaye da malamai, shi nake ƙara.

Ga yadda aikin yake. A niƙa dutse, a wanke, a zuba masa zaiba. Zaibar ta kama zinariya su dunƙule, sai a ƙona dunƙulen. Zinariya ta zauna, zaiba ta tashi tururi marar launi marar wari, ta shiga huhun mai ƙonawa da na wanda ke tsaye kusa da shi. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, tana kawo karkarwar hannu da mantuwa, ta fi yi wa ɗan da ke ciki da ƙananan yara illa. Tana kuma maƙalewa a tufafi da bangon ɗaki.

Wani zai ce Jado da nisa, ina ruwanmu? Zaibar da ta hau iska takan yi watanni tana yawo kafin ta sauka. Shi ya sa masana suka auna ta a wata tasha da ke Nepal, kusa da dutsen Everest, sama da mita 5,000, inda ba ko masana'anta ɗaya. A Cape Point ta Afirka ta Kudu ma tun 1995 ake aunawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna haƙar zinariya ta hannu ita ce kan gaba wajen sakin zaiba cikin iska, kusan kashi 38 cikin 100. Wasu na hawa ƙololuwar dutse don neman ɓurɓushinta, mu kuwa 'ya'yanmu ne ke sunkuye a kan wutar.

Wani kuma zai ce talauci ne. Gaskiya ne, damina ba ta ciyar da gida shekara. Amma Zamfara ta isa darasi: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Su ma talauci ne ya sa su. Dalma daban, zaiba daban, sakacin ɗaya ne.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda ta fara aiki a 2017. To, ina ma'aunin iskar a Jado da Cibarakaten? Ina gwajin fitsari ga masu dawowa? Mu tambayi magadan gari da hukumomin lafiya, mu yi ta tambaya har sai an amsa.

Kafin nan, akwai namu aikin. Malam, ka ware darasi guda kan zaiba kafin ɗalibinka ya hau mota. Uwa, kada ki yarda a ajiye kwalbarta ko a ƙona ta a gidanki, kuma a wanke kayan aikin daban da na yara. Uba, in ɗanka ya dawo hannu na rawa, ka kai shi asibiti, ka faɗa wa likita aikin da ya yi. Babur zai tsufa a sayi wani. Ƙwaƙwalwar yaro ba a sayar da ita a kasuwar Magariya.