Saudiyya: A unguwar Bujairi, ginin laka ya zama jari, to amma abincin na wa ne?

Galibin mutanenmu da suke zuwa ƙasar Saudiyya ba su wuce Makka da Madina da Jidda ba, saboda haka ba kowa ne ya san garin Dir'iyya ba, wanda yake kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birnin Riyad. A can ne hukumomin ƙasar suka buɗe wata sabuwar unguwa ta gidajen abinci da na shan gahawa mai suna Bujairi Terrace a watan Disamba na shekarar 2022. Wani zai ce me ya kai jarida ga zancen wurin cin abinci? Amsar ita ce, wannan wuri yana nuna alƙiblar da Saudiyya ta fuskanta, kuma akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Dir'iyya dai ita ce tushen gidan sarautar Saudiyya. A nan ne Muhammadu ɗan Sa'ud ya hau mulki a 1727, a nan ne kuma ya ƙulla alkawari da Shehu Muhammadu ɗan Abdulwahhab a 1744. Sojojin Ibrahim Pasha na Masar sun rusa garin a 1818. Tsohuwar unguwar sarakuna, wato Turaif, da fadarta ta Salwa, duk ginin laka ne, kuma hukumar UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 2010. Ita kuwa Bujairi, wadda kwarin Hanifa ya raba ta da Turaif, unguwar malamai ce a da, inda Shehun ya zauna ya karantar. Ke nan mai cin abinci a wurin yana zaune ne kusa da masallacin Shehu, yana hangen ganuwar Turaif da aka haskaka da fitilu da dare.

An buɗe wurin da gidajen abinci sama da 20, an kuma gina su bisa salon ginin laka na yankin Najad. Daga cikin waɗanda aka fara da su akwai Hakkasan, gidan abincin Sin da ya samo asali a Landan. Da Long Chim mai abincin Tailan. Da Tatel na birnin Madrid. Da Chez Bruno na kudancin Faransa. Da kuma Angelina, gidan shayin nan na Paris da aka kafa tun 1903. A gefe guda kuma akwai Maiz da Takya, masu girka abincin gida na Saudiyya. Abincin ƙasar kuwa ya haɗa da kabsa, wato dafa-dukar shinkafa da nama, da jarish, wato ɓarzajjiyar alkama da ake dafawa har ta yi kauri, sai gahawa da dabino da ake tarbar baƙo da su. Babu giya a wurin, ko da a gidajen da suka saba sayar da ita a ƙasashensu.

Ba haka kawai aka wayi gari da wannan unguwa ba. Tun a 2016 ne gwamnatin Saudiyya ta fito da shirin nan na 2030, wanda Yarima Muhammadu ɗan Salman yake jagoranta, da nufin rage dogaro ga man fetur. A 2017 aka kafa hukumar raya Dir'iyya. A 2019 aka fara ba ƴan yawon buɗe ido biza, a ƙarshen wannan shekarar kuma aka soke dokar da ta tilasta wa gidajen abinci ware ƙofar maza dabam da ta iyali. An ware 2022 a matsayin shekarar gahawar Saudiyya, sannan a farkon 2023 aka ayyana jarish a matsayin abincin ƙasa. Gaba ɗayan aikin Dir'iyya an ƙiyasta zai ci dalar Amurka kusan miliyar 63. Manufar a bayyane take: kuɗin da ɗan ƙasa yake kashewa a Dubai ko Landan ya tsaya a gida, baƙo kuma ya kawo nasa.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne, ƙasar da take da kuɗin gina benaye na gilashi ta zaɓi ta yi alfahari da laka. Ta gane cewa baƙo ba zai yi doguwar tafiya don ya ga irin abin da ya baro a gida ba.

To amma akwai abin dubawa. Mafi yawan sunayen da aka tallata wurin da su na waje ne, kuma irin gidajen da talaka ba ya shiga. Bugu da ƙari, lokacin da aka buɗe wurin sai mutum ya yanki tikitin shiga, wanda ake cire kuɗinsa daga na abincin da ya ci. Ma'ana, tun daga ƙofa an tace masu shiga. Abin tambaya a nan shi ne, idan tarihin ƙasa na kowa ne, me ya sa kujerar da ta fi kusa da shi za ta zama ta mai hannu da shuni? Bango na gargajiya, tukunya ta baƙi, wannan rabin aiki ne.

Mu ma a Nijar muna da irin wannan dukiya. Tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27, ya shiga jerin UNESCO a 2013. A Damagaram ga unguwar Birni da fadar Sarki da gidaje masu zane. Sai dai a watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin laka na garin, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Gidan laka yana son yaɓe kowace shekara, yaɓe kuwa yana son kuɗi, kuma gidan da ba ya kawo ko dala, mai shi ne zai fara rushe shi ya zuba siminti.

Ba mu da man Saudiyya, ba ma kuma bukatar miliyoyinta. Abin da ya rage wa ma'aikatun magajin gari shi ne su keɓe layi ɗaya a kusa da tsofaffin unguwanni, su kai ruwan famfo da wuta da makewayi da kwandon shara, su ba masu tsire da kilishi da fura da dambu da masu shayi rumfuna a kan haya mai sauƙi, a ware wani kaso na kuɗin don yaɓen gine-ginen. Kada kuma a kori mai tebur da sunan gyara don a kawo baƙon suna. Mai shayin da ya shekara ashirin a bakin layi, shi ma tarihin garin ne. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma yi aiki da shi kafin wata daminar.