Amanar Daliget: Kira ga Masu Fidda Gwani a Salaga, Yendi da Bawku

Tun da tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu, kuma Shugaba John Dramani Mahama yana cikin na biyunsa tun ranar 7 ga Janairu 2025, ya zama babu makawa jam'iyyar NDC ta nemi sabon gwanin da za ta tsayar a zaɓen 2028, alhali kuwa ta daɗe rabonta da takarar cikin gida mai zafi, domin a watan Mayu na 2023 Mahama ya kwashe kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙuri'un wakilai. Ita kuwa jam'iyyar NPP ta riga ta saba da irin wannan gumurzu. Saboda haka lokaci ya yi da za a yi magana da mutanen da wannan al'amari yake hannunsu, watau wakilan jam'iyya da kowa ke kira daliget, musamman na garuruwanmu uku, Salaga da Yendi da Bawku, waɗanda tarihi ya ɗora musu nauyin da bai ɗora wa daliget na Akkara ko na Kumasi ba.

Ya kamata daliget ya fara sanin girman kujerar da yake kai. A watan Disamba na 2007, lokacin da 'yan takara 17 suka nemi tutar NPP a Legon, cikinsu har da ɗan Yendi, marigayi Alhaji Aliu Mahama, wanda shi ne Musulmi na farko da ya riƙe mataimakin shugaban ƙasa kuma ya zo na uku a wannan rana, wakilan da suka yanke hukunci ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗaruruwa ba. Daga baya jam'iyyar ta faɗaɗa da'irar, ta shigo da shugabannin rumfunan zaɓe, har adadin ya kai wajen dubu 200 a watan Nuwamba na 2023. NDC ma da shugabannin rassanta take zaɓe, kuma nata adadin ya fi haka. Ma'anar wannan ita ce, tela a zangon Salaga, da mai sayar da doya a kasuwar Yendi, da malamin makaranta a Bawku, sun zama cikin waɗanda malaman fiƙihu suke kira ahlul halli wal aƙdi, masu ɗaurewa da kwancewa a madadin jama'a. Tun da jam'iyyu biyun nan ne kaɗai suka taɓa cin shugabancin ƙasa daga 1992 zuwa yau, sauran miliyoyin 'yan ƙasa ba su da zaɓi ranar babban zaɓe face tsakanin mutum biyu da daliget suka tace musu. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya gindaya wa masu zaɓen shugaba sharuɗɗa uku: adalci a karan kansu, da ilimin gane wanda ya cancanta, da basirar fifita wanda ya fi dacewa da maslahar jama'a. Ko da yake jamhuriya ba halifanci ba ce, ban ga wanda daliget zai ce bai shafe shi ba daga cikin ukun.

Hujjar da aka fi shigo mana da ita a Arewa ita ce "namu ne". Ba na raina wannan hujja, domin tana da asali. Kakanninmu sun kafa Northern People's Party a 1954 saboda tsoron kada Kudu, wadda ta riga mu makarantun boko da shekaru masu yawa, ta haɗiye mu bayan mulkin kai. Mutanen zango kuma ba su manta da dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969 ba, wadda ta raba gidaje da yawa da dukiyarsu da 'yan'uwansu. Wanda ya gaji irin wannan tabo, in ya ga ɗan yankinsa ko ɗan'uwansa Musulmi ya fito neman babbar kujera, dole zuciyarsa ta karkata. Amma zaɓen 7 ga Disamba 2024 ya riga ya auna wannan hujja a gaban idonmu. A ranar, manyan 'yan takara biyu duka 'yan Arewa ne: Mahama, Bagwanje daga Bole, da Dakta Mahamudu Bawumia, ɗan Mamprusi daga Walewale, wanda ya ci fidda gwanin NPP ranar 4 ga Nuwamba 2023 da kashi 61 cikin ɗari a kan Kennedy Agyapong mai kashi 37. Mahama ya ci da fiye da kashi 56, Bawumia kuwa ya amince da kaye tun kafin hukumar zaɓe ta bayyana sakamako, abin da ya cancanci yabo daga masoyi da maƙiyi. To, an tabbatar cewa ɗan Arewa yana iya hawa, kamar yadda Dakta Hilla Limann ya hau a 1979. Sai dai talakan da ya ga hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba 2022, a lokacin da ɗan Arewa ke kujerar mataimaki, da wanda ya kwana cikin dokar hana fita a Bawku a zamanin jam'iyyun biyu, sun san cewa asalin mutum ba ya ciyar da kowa, ba ya kuma kashe wutar fitina.

A ganina, ma'aunin farko ga daliget na waɗannan garuruwa uku, wanda ya kamata ya gabaci maganar hanya da ruwa da farashin taki, shi ne ya duba yadda ɗan takara yake mu'amala da rigingimun sarauta, domin a nan ne muka fi zubar da jini, a nan ne kuma 'yan siyasa suka fi samun arahar ƙuri'a.

Salaga ta riga kowa ɗanɗana wannan. Garin da ayarin fatake daga Kano da Katsina da Borno suke wata da watanni a hanya don su isa gare shi, su sauke kanwa da tufafi da fatu su ɗauki goron Asante, har kalmar Gwanja ta zauna a bakin kowane Bahaushe, bai durƙushe ba sai da rikicin gadon fatar sarautar Kpembe ya zama yaƙin basasa a 1892. Attajirai da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare, cikinsu har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Kasuwar ba ta sake komawa yadda take ba. Yaƙin 1994 kuma, wanda ya haɗa Konkomba da maƙwabtansu, ya sake taɓa wannan yanki har zuwa Bimbilla da Yendi. Duk ɗan Salaga da ya bi ta gefen tsofaffin rijiyoyin garin ya san irin jama'ar da suka taɓa sha daga cikinsu, da kuma abin da ya kore su.

Yendi kuwa labarinta yana da ɗaci, yana kuma da darasi. A ƙarshen Maris 2002 aka kashe Sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani II, tare da mutane da dama a fadar Gbewaa, sakamakon gabar gidajen Abudu da Andani, gabar da aka daɗe ana jingina kowane ɓangarenta da wata jam'iyya, har ya zama ana iya sanin ƙuri'ar mutum daga sanin ƙofar da yake biyayya gare ta. Shekara goma sha bakwai Dagbon ta yi ba ta da cikakken sarki. Ana zaɓe bayan zaɓe, kowane ɗan takara yana zuwa da alkawarinsa na ɓoye ga wannan gida ko wancan, masu zuba jari suna tsoron garin, ma'aikata suna gudun a turo su. Ba a sami mafita ba sai da aka bar kwamitin manyan sarakuna uku, Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II da Nayiri na Mamprugu da Yagbonwura na Gwanja, suka bi al'ada sannu a hankali, aka yi bukukuwan makokin sarakunan da suka gabata, sa'an nan aka naɗa Ya-Na Abukari II a Janairu 2019. Abin lura a nan shi ne, sulhun ya tabbata ne a lokacin da gwamnati ta yarda ta tsaya a matsayin mai tsaron doka da oda, ta bar zaɓen sarki ga masu zaɓen sarki. Wanda ya rayu cikin shekarun nan goma sha bakwai bai kamata ya sayar da wannan zaman lafiya ga duk wanda zai zo masa da raɗa cikin dare cewa in ya hau zai gyara wa gidansu ba.

Sai Bawku, wadda raunin nata har yanzu ɗanye ne, kuma ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin Kusasi da Mamprusi, domin wannan aikin kotu ne da sarakuna. Abin da nake so daliget ya duba shi ne yadda hukuncin ya riƙa juyawa da juyawar gwamnatoci: a 1958 gwamnatin Nkrumah ta tsaya ga ɓangare ɗaya, a 1966 sojojin da suka kifar da ita suka mayar wa ɗaya ɓangaren da doka mai lamba 112, a 1983 gwamnatin PNDC ta sake juya al'amarin da doka mai lamba 75. Da kowane ɓangare ya koyi cewa fatar sarauta tana zuwa ne daga hannun wanda ya ci mulki a Akkara, sai kowane zaɓe ya zama wani zagaye na yaƙin. Tun daga ƙarshen 2021 da wutar ta sake tashi, garin da yake mahaɗar ciniki tsakanin Ghana da Burkina Faso da Togo, inda albasar Galmi da shanun Sahel suke ratsawa, ya koma garin da ake rufe ƙofa tun da sauran hasken rana, aka hana maza hawa babur, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka nemi canjin wurin aiki, matafiya suna jiran rakiyar soja. Bahaushe da Bamoshe da Babisa mazauna garin, waɗanda ba su da rabo a fatar, su ma sun binne nasu. Saboda haka ɗan takarar da ya faɗi magana ɗaya a unguwar Kusasi, ya faɗi wata a unguwar Mamprusi, ya riga ya faɗi jarrabawa, ko da kuwa maganar da ya faɗa muku ita ce wadda kuke so ku ji. Wanda ya cancanta shi ne wanda zai iya maimaita a rediyo, da rana tsaka, abin da ya faɗa a zaure.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda kowa ya sani, kaɗan ne suke faɗa. Daren jajibirin zaɓe motoci suna zagaya gidajen daliget, ana miƙa ambulan da sunan kuɗin mota, wani a ba shi atamfa, wani injin feshi, wani babur. Da safe kuma a harabar makarantar da aka kafa akwati sai ka ga wakilin ɗan takara tsaye a inuwa da takardar sunaye yana duban fuskoki. Har maganar marigayi Kwadwo Owusu Afriyie, wanda aka fi sani da Sir John, bayan ya sha kaye a taron NPP na Tamale a 2014, cewa a ji tsoron daliget, ta zama karin magana a ƙasar. Wasu suna ba da fatawar cewa ka karɓi kuɗin ka zaɓi ra'ayinka. Ban gamsu da wannan fatawa ba. Wanda ya karɓa ya cika alkawari ya ci rashawa, wanda ya karɓa ya saɓa ya haɗa rashawa da yaudara, kuma dukansu biyu sun taimaka wajen tsadar takara, har ta gagari duk wanda ba attajiri ba ko yaron attajirai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan takarar ma da ya ranto abin da ya raba, wajibi ne ya biya masu bashinsa da kwangila, kuma daga nan ne ake samun aikin ruwa da aka aza harsashinsa da kaɗe-kaɗe ya kwana shekaru, da hanyar gabas da ta ratsa Bimbilla da Yendi wadda gwamnati bayan gwamnati take yi wa alkawari. Na san cewa yawancin daliget talakawa ne da suka yi wa jam'iyya wahala ba albashi, suna ganin wannan rana ita kaɗai ce ake tunawa da su, kuma ƙorafinsu gaskiya ne. Maganinsa shi ne su nemi haƙƙinsu a fili daga jam'iyya, a rubuce, ga kowa daidai.

Akwai masu cewa duk wannan wa'azi ne, abin da jam'iyya take bukata shi ne wanda zai ci zaɓe. Lalle cin zaɓe sharaɗi ne, tun da tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'un ƙasa baki ɗaya, kuma babu yankin da zai iya ba shi wannan shi kaɗai. Amma wannan ma hujja ce a gare mu, domin mutumin da ya ci fidda gwani da ƙabilanci ko da cin mutuncin abokan takara yana fita ne da jam'iyya a tsage. NPP ta ga haka a 2023, da Alan Kyerematen ya janye bayan zagayen farko na watan Agusta, ya fice ya tsaya takarar kansa.

Ya ku daliget na Salaga ta Arewa da ta Kudu, da na Yendi, da na Bawku da kewayenta, idan 'yan takara suka fara sallama a ƙofofinku, ku karɓe su da mutunci, ku shimfiɗa musu tabarma, sa'an nan ku tara mutanen rumfarku da suka ɗora ku, maza da mata, ku yi tambayoyinku a gabansu. Ku tambayi kowane ɗaya inda ya taɓa riƙe amanar dukiyar jama'a da yadda ya bar ta, da abin da ya faɗa da bakinsa lokacin da Bawku take ci da wuta, da ko zai bi hukuncin kotu da na masu sulhu ko da ya saɓa wa magoya bayansa. Ku roƙi limamanku da fastocinku su yi wa dukansu addu'a ba tare da sun ɗaga hannun kowa ba, ku kuma bar sarakunanku a inda tsarin mulki ya ajiye su, nesa da siyasar jam'iyya. In kun shiga rumfa, ku dangwala wa wanda amsarsa ta gamsar da ku, ku dawo ku gaya wa jama'arku dalilinku.