Ciwo a Kumasi, Biza a Accra, Magani a Indiya

Wai don Allah, mara lafiya da ciwonsa zai ji ko da takardu? Daga kasuwar Race Course zuwa asibitin Komfo Anokye tafiyar ƙafa ce. Amma ranar da likita ya dubi ɗan'uwanka ya ce "wannan aiki sai Indiya," ranar za ka san wahala ba ta fara ba tukuna.

Wurin neman biza a ce maka kawo wasiƙar asibitin can. Kawo rahoton likitan nan. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 a kansa. Sai takardar banki da za ta nuna kana da kuɗi, mu da jarinmu ke cikin adashi da buhun albasa! Katin rigakafin shawara kuwa ba ya aiki sai allurar ta kwana 10, in ka sauka babu shi su killace ka har kwana 6. Mutumin da ƙodarsa ta tsaya, ƙafafu sun kumbura ko silifa ba ta shiga, shi ake ce wa ya yi haƙuri. Mai jinya ma bizarsa daban, kuɗinsa daban. Ga dillalai sun yi dafifi, kowa "na san wani a ciki." Ungulu dai ba ta jewar banza.

A 2024 aka buɗe sabon filin jirgin Prempeh I, wai na ƙasa da ƙasa. Madalla. Majinyacinmu dai sai ya gangara Accra, ya yada zango a Addis Ababa ko Dubai, kafin ya ga Delhi.

Su kuwa manya? Atta Mills yana shugaban ƙasa ya je Amurka ganin likita a 2012, Bawumia yana mataimakin shugaban ƙasa ya je Ingila a 2018, Ken Ofori-Atta na ma'aikatar kuɗi ya je Amurka a 2021. Ban ce kada su nemi lafiya ba, rai ai rai ne. Amma ginin masu haihuwa da aka fara a Komfo Anokye tun 1976, gwamnati ta zo ta wuce, soja da farar hula, ya haura shekara 40 ba a gama ba, ƙarshe rushe shi aka yi. Wa ya ji kunya? Babu.

Katin inshorar lafiya na NHIS ko tikitin mota ba zai saya maka ba. Sai a tsaya ƙofar masallaci bayan Juma'a, wannan ya jefa sidi 5, wancan sidi 10, kuɗin jirgi kuma da dala ake lissafinsa. Kafin a haɗa rabi, rahoton likita ya tsufa, a ce ka kawo sabo.