Geji, Linta da Mogej: Kalmomin da Ke Cinye Kuɗin Mai Gini a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya san ƙasar Lautai ya san abin da ke biyo bayan hadarin farko na damina. Iska kan taso daga gabas da ƙura, kafin ruwa ya sauka ta yi aikinta, gari na wayewa sai a ga kwanon rufi a kan bishiya ko a gonar maƙwabci. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, labarin ɗaya ne kusan kowace shekara: a jajanta, a ce ƙaddara ce, a jira kayan agaji. Ba na musun ƙaddara. Amma a nawa ganin, da yawa daga cikin rufin nan tun ranar da aka yi cinikinsu a kasuwa suka tashi, domin mai gida ya biya kuɗin kalmar da bai san ma'anarta ba.

A da, mai gida da magini harshe ɗaya suke yi. In aka ce tubali, ko azara, ko indararo, ko makuba, ko ɗaurin guga, babu wanda ke neman tafinta. Dattijo kan ɗaga azara ya gane ko ta giginya ce wadda gara ba ta iya wa, ya kuma san cewa soron da aka bari bai sha yaɓe ba kafin damina, mai shi ne ya jawo wa kansa. Yau kuwa mun koma bulo da rodi da linta da dakin da filasta da silin. Mun ari kalmomin, mun lanƙwasa su yadda harshenmu zai iya furtawa, amma awon da ke cikinsu mun baro shi a hannun birkila da kafinta da mai shago. Hasali ma ɗan boko da ke aiki a Dutse ko Abuja yana aiko da kuɗi gida, shi ya fi kowa faɗawa wannan tarko, don yana jin kunyar ya tambayi abin da yake ganin Turanci ne.

Mu ɗauki geji, wato kaurin kwano. Awo biyu ne ke yawo a kasuwa, kuma suna tafiya ne a saɓanin juna. A tsohon lissafin geji, yawan lamba shi ne rashin kauri: geji 28 ya fi geji 32 ƙwari. A lissafin milimita kuwa yawan lamba shi ne kauri: 0.55 ya fi 0.45. Mutum zai je ya ce a ba shi bandir goma, ya ƙirga falle ashirin-ashirin ya ga sun cika, ya tafi yana murna, alhali bai tambayi kauri ba, kuma abin da aka rubuta a jikin kwanon ba lallai ne ya yi daidai da abin da ke hannu ba. Na'urar auna kaurin ba ta fi tafin hannu ba, amma masu gini nawa ne suka taɓa neman a auna a gabansu? Sannan ko kwanon ya yi kyau, in ba a ɗaure katakon rufin da linta ba, ko aka yi ƙwauron ƙusa, ko aka ƙi ɗora rawani a saman bango don tsimin bulo, to iskar gabas ba ta da sabo. A yankin da yashi ya yi yawa, itatuwan da ke tare iska kuma suna ta ƙarewa a murhu, rawani ba ado ba ne.

Haka zancen bulo yake. Inci tara da inci shida faɗi kawai suke nunawa, ba ƙarfi ba. Tambayar da ta kamata ita ce: bulo nawa aka buga da buhu ɗaya na siminti mai kilo 50? Masana gini kan so kada mai inci tara ya wuce talatin ko kusa da haka, amma kowa ya san akwai wuraren da ake matso fiye da arba'in. Lokacin da farashin siminti ya haura Naira dubu 10 a farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur a 2023, masu buga bulo da dama ba su ninka farashi ba, yashi suka ƙara. Bulon ya ci gaba da amsa sunansa na inci tara. Rodi ma haka ne, ana kiran shi milimita 12 ko da bai kai ba. Idan injiniya ya ce ɗaya, biyu, huɗu, yana nufin awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Mai gidan da ya san wannan zai iya tsayawa ya ƙirga kwanon lebura da idonsa.

Na aikin famfo gajere ne amma ya fi haɗari. Mun haɗa abubuwa biyu mun kira su sokawe. Akwai tankin da aka shafe da siminti inda ƙazanta ke kwantawa, akwai kuma ramin da ruwan ke tsiyayewa cikin ƙasa. Wanda ya haƙa rami ɗaya tal kusa da rijiya, a ƙasa mai yashi irin tamu, ya buɗe hanya tsakanin masai da randa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30, abin da fuloti ɗaya ba ya ɗauka sai da shawarar maƙwabta. Wanda ya tuna yadda kwalara ta yi wa Jigawa a 2021 ba zai ɗauki wannan wasa ba.

To, sai babbar magana, wato kuɗin ginin. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a tura wa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Gyaran doka na 2023 ya mai da biyan ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Alƙawarin shi ne rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. Amma da aka zo fassara mogej sai aka ce jingina, kuma a kunnen Bahaushe jingina ita ce ka miƙa gonarka wani ya riƙa nomawa har ka biya. A mogej kuwa kana cikin gidanka, takarda ce ke hannun banki. Wannan kuskuren fassara kaɗai ya isa ya tsorata mutum.

Ga kuma lissafin da ba a cika faɗa ba. Wanda ya ci bashin Naira miliyan 5 a kan wancan ruwa na shekara 30 zai riƙa biyan kusan Naira dubu 30 a wata, jimilla kusan miliyan 10 da dubu 800. Da yake ba a son biyan ya wuce sulusin albashi, sai mai ɗaukar wajen dubu 90, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 dubu 70 ne. Kafin nan ma sai ya kawo takardar shaidar mallaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar filayen karkara, ta kuma shardanta amincewar gwamna kafin a jinginar da filin da shi ya ba da takardarsa. Takardar ciniki mai hatimin dagaci ko mai unguwa, wadda akasarin mutanenmu ke adanawa a ƙasan akwati, shaida ce ta saye, amma banki ba ya ɗaukarta a matsayin jingina.

Sai batun riba, wanda jami'an banki kan so su kewaye shi. A jihar da kusan kowa Musulmi ne, malamin Kwalejin Ilimi ta Gumel ko ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Alhamis ta Maigatari zai gwammace ya yi shekara goma yana tara bulo ta hanyar adashi da kuɗin riɗi, da ya sa hannu a kan kuɗin ruwa. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 kalmomi irin su murabaha da ijara da musharaka suka shigo, kuma Larabcinsu kan kwantar da hankali. Sai dai su ma kalmomi ne masu awo. A murabaha banki ne ke saye ya sayar maka da ƙari sananne. Dole ka tambayi nawa ne ƙarin, me zai faru in ka makara, da sunan wa takardar gidan za ta fita.

Abin da nake nema ba ya buƙatar biliyoyi. Ma'aikatar filaye da gidaje ta jiha, da sashen Hausa na kwalejin Gumel, da ƙungiyoyin magina da kafintoci, za su iya zama su fitar da ɗan littafi da ke bayanin waɗannan kalmomi da awonsu, a karanta shi a Rediyon Jigawa kafin lokacin gini na rani. Duk takardar rance da za a ba ma'aikaci ta zo da Hausarta, da jimillar abin da zai biya a rubuce ɓaro-ɓaro. Ƙananan hukumomin huɗu kuma su sa jami'an ayyukansu su riƙa zagaya wuraren buga bulo da shagunan kwano da abin awo a hannu, su fara da kwanon da ake rufa azuzuwan firamare da shi, tunda da kuɗin jama'a ake sayensa.