SHAFI UKU BAYAN SALLAR ASUBA: MARTANI GA WANI ƊAN UWA MARUBUCI



Wani babban marubuci daga Kano, wanda nake ganin girmansa, ya ce wai abin kunya ne a ji marubuciya daga ƙasar Gobir tana yabon littafin wata Ba'amurkiya alhali ana kashe mutanenta. Da ni yake, don haka ga amsata.

Yallaɓai, ina kake a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Sabon Birni da Isa? Ni ta waya nake sayar da babin labaraina, rana ɗaya kasuwata ta mutu. A Disamba aka ƙona matafiya da ransu cikin mota a Gidan Bawa, hanyar da na bi ba adadi. Daga ranar hannuna ya daskare. Ni da na saba cika littafin makaranta a sati, na yi wata biyar ko sunana ban rubuta ba. In na kai jarumata bakin mota sai jikina ya hau rawa.

Ƙanena ne ya kawo min The Artist's Way na Julia Cameron, wanda ya fito a 1992. Da ƙamus a gefe na karanta shi, Turancin sakandare ba ya kai mutum nesa. Darasin sati 12 ne, ginshiƙinsa kuwa ka cika shafi uku da hannunka kowace safiya, duk abin da ya zo maka, kada ka nuna wa kowa. Satin farko tsinuwa kawai na rubuta. Na biyu sunayen waɗanda muka rasa. A na biyar sai ga wata yarinya ta faɗo cikin shafin da tallar fura a kanta, tana tsiwa. Wallahi sai da na yi kuka.

Ban ce littafin ba shi da shirme ba. Wai ka fita yawo kai kaɗai sau ɗaya a sati don zuciyarka ta sha iska. Ni kaɗai? A hanyar Gatawa? Baiwar Allah ba ta san mu ba. Na tsallake wannan kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa.

Amma ka ce rubuta baƙin ciki al'adar Turawa ce? Nana Asma'u fa, da ta yi ta marsiyya ga mamatanta? Ko da yake mu Gobirawa muna da tsohuwar magana da gidansu tun faɗuwar Alƙalawa a 1808, wannan kam ba mu musanta mata ba.

Shafi uku ba su dawo da ƙanwar mahaifiyata daga gudun hijira a Maraɗi ba, ban kuma ce za su dawo da ita ba. Kai da kake barci ba ka sauraron ƙarar babura, me ka rubuta a kanmu? Turo min, zan saya da kuɗina. Nawa yana babi na 19, kuma yarinyar mai fura har yanzu ba ta shiga mota ba.